Ruwan da Na Ba Masara a Ɓoye

Jekadafari, Gombe
Ranar Alhamis

Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa ka karanta wannan takarda jikinka da sauƙi. Allah Ya tsare ka a hanyar da za ka kama jibi, Ya kiyaye motar da direbanta, Ya sauke ka Zariya lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Amin.

Na san sai ka yi dariya. Gida ɗaya muke kwana, bango ɗaya ne tsakanin ɗakinka da namu, amma ga ƙanwarka Ummi ta miƙo maka wasiƙa kamar daga Legas ta zo. Ka yi haƙuri da ni. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina ka ci, yadda aka rene ni kuwa ba a zama a dubi ɗan fari ido cikin ido a yi doguwar magana. Ba ni kaɗai ba, Mamanka ma har yau Baban Ummi take kira na, sai ka ce Ummin ce ta riga ka zuwa duniya. Takarda ba ta kallon mutum, shi ya sa na zaɓe ta. Rubutuna kuma ka san shi, a aji huɗu na tsaya. Inda harafi ya karkace ka miƙe shi a ranka.

Maganar ranar Lahadi ce ta sa ni rubutu. Ka san shirin da muka yi da Mamanka tun da aka ba ka gurbin karatun gyaran irin shuka: zan ajiye aikina na gonar gwaji, in bi ka Zariya, in nemi gadi ko leburanci kusa da makaranta, in kama ɗan ɗaki, don in ciwonka ya tashi a samu wanda ya san shi a kusa. Sikila ba ta sallama kafin ta shigo. Muna cikin cin tuwo ka tsame hannu ka ce, "Baba, don Allah ka bar ni in tafi ni kaɗai." Mamanka ta tashi ta shige ɗaki. Ni na ci gaba da kai loma, ban san ko da gishiri a miyar ba. Tun ranar nake juya amsar da zan ba ka. Tana cikin takardar nan, amma kada ka tsallaka ƙarshe. Sai mun bi ta gona, ni ta can kaɗai na san hanya. Kuma tunda aikin da na yi wa leburanci shi za ka je ka karanta, abin da zan faɗa zai yi maka amfani sau biyu.

Na farko, kana goye na fara aiki a gonar. Ban cika ashirin ba aka yi mini aure, shi ya sa har yau in mun je asibiti wasu ke ce mini yayanka. A lokacin ƙarfi ne da ni kamar jaki, tunanin ma kusan haka. Shugabar aikin ita ce Dakta Rifkatu da ka sani, 'yar Kaltungo, lokacin ba ta fara furfura ba. An shuka wake a 'yan filaye ƙanana, kowane bai fi tabarmar sallah biyu ba, kowane da ɗan katako mai lamba a kansa. Ranar roro aka ba kowannenmu tarin jakunkunan takarda, aka ce kowane fili da jakarsa. Na dubi jakunkunan nan na ce a raina, 'yan boko dai ba su san aiki ba. Wa ke roron wake a ambulan? Na samo buhu, na bi layukana kamar fara, na zuba duka a ciki, na ɗinke baki, na je gindin darbejiya na zauna ina jiran yabo.

Dakta ta zo ta ce, "Malam Manu, ina wakena?"

Na ce, "Ga shi nan, Dakta, na haɗa miki wuri guda."

Ta dubi buhun, ta dube ni, sai ta zauna a kansa. Ta ce, "Ka taɓa ganin an je asibitin haihuwa an kwashe jarirai an zuba a gado ɗaya, sannan a ce kowace uwa ta zo ta ɗauki nata?"

Ashe kowane fili iyayensa daban, an yi shekaru ana aurar da wannan da wancan da ɗan tsinke, fure bayan fure, don a ga wane ne zai fi. Ni na maida su waken ƙosai a yini guda. Wani dattijon lebura da muke kira Bappa Jauro ya laƙaba mini Manu Mai Buhu, har yau in yana son tsokana haka yake kira na. To Abba, a can za a sa ka ayyukan da za ka ga kamar na ɓata lokaci: wanke kwalba, manna lamba, ƙirga ƙwaya. Kai kuma na san ka, kanka yana gaba da hannunka. In ka ga mai hankali yana yin abu a wahalce alhali ga hanya mai sauƙi, kada ka fara cewa bai gan ta ba. Ka tambaye shi me ya hana shi bin ta. Tambaya ba ta kai buhu nauyi ba.

Na biyu, Kawu Sale na jawo wa. Akwai wata masara da aka yi a gonar, 'yar aure, wadda suke kira haibirid. Tsayinta ɗaya kamar sojoji, goyo bibbiyu. Bayan girbi aka raba mana ta ci. Ni kuwa na zaɓi manyan, na rataye a ɗakin girki hayaƙi ya tsare su, da damina ta matso na kai wa Kawu ƙauye. Na ce masa, "Kawu, ka ajiye tsohuwar taka, na kawo maka irin Dakta." Ya shuka rabin gonarsa. Da ta fito, wata ta fi shi tsawo, wata iya ƙugu, wata goyon kamar ɗan yatsa. Ba ta lalace duka ba, amma ba ta kama ƙafar uwarta ba. Kawu ya aiko cewa in gaya wa Daktata irin nata asiri aka yi masa don kada ya haihu a hannun talaka.

Na kai mata saƙon yadda yake. Ba ta ji haushi ba. Ta ja ni can ƙarshen gona inda aka killace wasu layuka, ta nuna mini wata masara 'yar firit, ramammiya, wadda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Ta ce, "Ga uwar." Ta nuna wata irinta a gefe ta ce, "Ga uban."

Na ce, "Waɗannan ne suka haifi waccan?"

Ta ce, "Su ne. Abin da wannan ta rasa, wancan yana da shi. A 'ya'yan fari komai yakan haɗu. A jikoki kuwa sai gadon ya sake watsewa, kowa ya ɗauki abin da ya samu. Ba asiri ba ne. Amma laifinmu ne da muka ba ku ba mu gaya muku ba."

Na tsaya ina kallon iyayen nan biyu, na ce to ashe akwai fata ga ni da Mamanka. Kada ka gaya mata na faɗa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne maganarta ta ƙarshe. Duk irin da za ka miƙa wa manomi, ka gaya masa halinsa na bana da na baɗi, ko da faɗar za ta sa ya ƙi karɓa. Kuma kada ka yi masa dariya in ya ji tsoro. Shi abincin shekararsa yake sakawa a ƙasa. Ni da kaina na yi wannan wautar lokacin da sabon waken nan ya fito, wanda tsutsa ba ta huda kwansonsa. A majalisar wani abokina a Kumbiya-Kumbiya aka ce yana hana haihuwa, na tashi ina rantsuwa ina kumfar baki, ai ni a gonar nake aiki. Wani tela ya ce, "To Malam Manu, me aka sa a cikinsa da tsutsa ke gudu, kuma ta yaya aka sa?" Ban sani ba. Maimakon in ce ban sani ba, na ƙaga wani bayani da ko ni bai gamsar ba. Daga ranar duk abin da na faɗa a majalisar nan sai an rage masa rabi. Kai za ka san amsar, in sha Allah, za ka ga abin da idonka a ɗakin bincike. In ka dawo ka yi wa telan bayani da Hausar da zai gane, inda saninka ya ƙare kuma ka ce nan ya ƙare. Sannan ka saurari tambayoyinsu, don ba duka ne na jahilci ba. Mai ƙosai za ta tambaye ka ko yana tashi in an buga, mai shanu zai tambaye ka harawa. Wake ba ƙwaya kaɗai ba ne.

Na uku ya fi nauyi, kuma ya shafe ka.

Da aka ce sikila gare ka, kana ɗan yaye, na sa a raina daga gidan su Mamanka abin ya zo. Tana da ƙane da ya rasu yana yaro, kullum cikin ciwon ƙafa. Mu kuwa a gidanmu kowa kamar itacen kuka, ba mai kwanciya. Nas ta ce in kawo hannu a gwada jinina, na ce lafiyata lau. Likita ya zauna ya zana mini a takarda, na gyaɗa kai ban ɗauka ba. Ban taɓa zagin Mamanka ba, Allah shaida. Amma akwai shirun da ya fi zagi. In ciwonka ya tashi muna zaune a bencin asibiti, sai in ce, "Mu dai ba mu san wannan ba a wajenmu." Shi ke nan. Ita kuma ta sunkuyar da kai. Shekaru muka yi a haka.

Wata safiya ina cire ciyawa a wani layin wake, sai na ga fararen furanni jefi-jefi a cikin masu ruwan shuni. Ni na shuka layin, kuma na san uwarsu, furenta shuni ne tas. Na ɗauka na sake yin ta'asa, wani irin ya faɗo a ciki. Na je da kaina na kai ƙarar kaina wurin Dakta tun kafin ta gani. Ta zo ta duba ta yi murmushi, ta ce wannan karon ba ni ba ne. Ta ce farin yana cikin uwar tun farko, shunin ne ya rufe shi. Ba ya fitowa sai ɗan ya samo shi ta ɓangare biyu, ta uwa da ta uba. In ta gefe ɗaya ne kawai, sai ya kwanta ya yi shiru, ya bi zuriya ba wanda ya sani.

Na ce, "In ta gefe ɗaya ne ba ya fitowa?"

Ta ce, "Ba ya fitowa."

Na ce, "Ko a mutum?"

Ta gane inda na nufa, don ta san da ciwonka. Ta ce, "Ko a mutum, Malam Manu."

A satin na je aka ɗebi jinina. AS, daidai da na Mamanka. Na dawo na same ta tana tankaɗe a tsakar gida, na tsuguna na gaya mata, na ce ta yafe mini. Ba ta daina tankaɗen ba. Ta ce, "Nas ta gaya maka, likita ya gaya maka, ni na yi kuka a gabanka. Sai da wake ya faɗa ka yarda?" Na ce haka Allah Ya yi ni. Ta ce, "To ka gaishe mini da waken." Sai da ta gama garin ta kwashe sannan ta ce ta yafe.

Saboda haka, Abba, rabin abin da ke jikinka ni na ba ka. Ba da sani ba, amma ni ne. In wani abu ya same ka a rayuwa, kada ka fara da neman gidan da ya fito, musamman in gidan da kake zargi ba naka ba ne. Kuma ranar da wata ta fara burge ka, don na san za a yi, ku je gwajin jini tun magana tana sanyi, kafin ta kai inda ba a jin kira. Mu ba wanda ya gaya mana. Kai an gaya maka, a rubuce ma.

Yanzu ga na huɗu, wanda saboda shi na ɗauko biro.

Noman rani ne, a gonar da ke hanyar Dadin Kowa. Ana neman masarar da za ta jure in ruwa ya ɗauke tana shirin goyo, yadda damina ke yi mana yanzu. Tsarin shi ne a shayar da duka layukan har su kusa fure, sannan a rufe ruwa, a zuba ido a ga wadda za ta tsaya. Aka rufe. Abba, ban taɓa ganin abu mai cin rai irin wannan ba. Ga ruwa yana wucewa a magudana, kana jin ƙararsa, ga masara ganyenta ya nannaɗe ya koma kamar na albasa. Ni ɗan manoma ne. A wajenmu wanda ya ga shuka na ƙishi ga ruwa a kusa ya wuce, ba a ba shi 'ya.

Akwai layi na ƙarshe a jikin wayar shinge, masararsa siririya ce, ta fi sauran saurin laushi. A lokacin ba ka daɗe da fitowa daga asibiti ba, ka yi kwanaki ana ƙara maka ruwa, wuyanka kamar zare. Ban san yadda aka yi ba, in na dubi layin nan kai nake gani. In an tashi da la'asar kowa ya nufi mota, sai in ce zan kewaya. In cika jarka a magudana, in bi gindinta ina tsiyayawa, sannan in watsa busasshiyar ƙasa a kai don kada a gani. Ka lura da wannan watsa ƙasar. Wanda ya yarda alheri yake yi ba ya rufe sawunsa.

Sauran layuka suka yi ta ƙonewa, tawa tana kore shar. Dakta ta yi murna irin wadda ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta ɗauki hoto, ta kawo baƙi daga ofis, ta yanki ganyen ta sa a 'yan kwalabe cikin ƙanƙara za a aika ɗakin bincike a duba abin da ke cikin gadonta da ya ba ta wannan juriya. Na ji tana ce wa baƙin, "In ta tabbata, wannan gonar wanda ba shi da injin ban ruwa za ta je." Na tuna Kawu Sale. Da muka zauna cin abinci Bappa Jauro ya matso kusa da ni, yana ɓare gyaɗa, bai ko dube ni ba ya ce, "Mai Buhu, wannan masara taku da albarka take. Har ciyawar gindinta ta koyi jure fari."

Washegari na same ta kafin ta fito daga mota. Na faɗa mata. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

Ta ce, "Sau nawa?"

Na ce, "Kullum, Dakta."

"Don me?"

"Tausayi ta ba ni."

Ta ce, "Ni ba ta ba ni ne? Ni ma manomi ya haife ni. Duk safiyar da na shigo nan sai na kau da kai. Amma da ka bar ta, in ta mutu mun sani, in ta tsaya mun sani. Yanzu shekara ta tafi ba mu san komai ba. Wataƙila da za ta iya. Ka hana ta nunawa."

Na ɗauka korata za ta yi, har na fara tunanin tura baro a babbar kasuwa. Ba ta kore ni ba. Da rani ya zagayo aka sake shuka gwajin, ranar rufe ruwa ta kira ni gaban kowa ta ce, "Kai za ka rufe, da hannunka." Na rufe. Na yi makonni ina wucewa ta gaban layin nan hannuna a aljihu. Masarar ta nannaɗe, ganyen ƙasa ya bushe, wata rana da azahar na ce ta tafi. Da safe sai in tarar ta ɗan buɗe. Ba ta zo ta ɗaya ba, kada in yi maka ƙarya, goyonta ƙanana ne. Amma ta yi goyo. Wata da ke gefenta, mai kauri da kyan gani, wadda kowa ya sa wa rai, ko gemu ba ta fitar ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, na sha jin wannan tun ina yaro, amma ban san mai gwadawar ma yana shan wuya ba sai ranar.

Abba, tun ranar Lahadi nake ƙirga jarkokin da na bi ka da su. Na je wurin hedimasta na ce kada a sa ka shara. Na hana ka ƙwallo, har kallonta a bakin fili na hana don kada ranka ya biya. Ummi ce ke ɗebo ruwa kana zaune, ita da take ƙanwa. In likita ya tambaye ka ina ke ciwo, ni nake amsawa, har wata likita ta taɓa ce mini, "Malam, shi kurma ne?" Wasu daga ciki dole ne, ba na nadamarsu. Wasu kuwa ba don kai na yi ba, don kaina na yi, don in samu in yi barci.

Mafi muni shi ne na koya maka rufe ƙasa a kai. Na ce in an tambaye ka a makaranta ka ce zazzaɓi ne. Ina tsoron a riƙa nuna ka, ina tsoron ranar neman aure. Ka tuna abin da ya jawo. Ciwo ya kama ka a aji tun safe, ka cije ka yi shiru don Baba ya ce kada a faɗa, har aka tashi, ka kamo hanya da ƙafa, ka zube a bakin titi, wani mai Keke Napep da bai san ka ba ya kawo ka gida. Da malaminku ya zo dubiya ya ce, "Da mun sani ai da tuni mun kai shi asibiti." Ban iya ɗaga kai ba. Wannan karatun da na ba ka, ka bar shi a Gombe, kada ka sa shi a jaka.

Jiya na kwashe duk wannan na gaya wa Mamanka. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Baban Ummi, masara in ta mutu baɗi a sake shukawa. Wannan fa?" Kada ka ga laifinta, gaskiya ta faɗa. Kai ba layin gwaji ba ne, ba ni da wani irinka a ajiye. Abin da na iya ce mata kawai shi ne, yaron nan ya fi mu sanin ciwon. Mu a benci muke zama, shi ne a kan gadon. In wanda ke kan gadon ya ce zai iya, ban ga ta inda na benci zai ce ƙarya ne ba. Kuma ko na bi ka, wata rana dole ka je inda ba ni. Gara ka fara koyo ina raye, ina da waya a aljihu. Ta yi kuka, ta tashi ta ci gaba da daka maka yajin tafiya. Ka san ta, wannan ita ce amsarta.

Yau da safe na je wurin Dakta, don na riga na gaya mata zan ajiye aiki ƙarshen wata. Na ce ta mayar da sunana cikin 'yan noman rani. Ta ce, "Yaron fa?" Na ce zai tafi shi kaɗai. Ta ce, "Ka tabbata? In na rubuta ba na gogewa." Na ce ta rubuta. Na yi haka ne don na san halina, in ban ɗaure ƙafata ba za ka waiga wata rana ka gan ni a bakin get ɗin makarantarku da sandar gadi.

To ga amsarka. Ka tafi kai kaɗai. Na yarda, kuma ba yardar baki ba.

Amma ina da roƙo. Ranar da ka sauka, kafin ka shimfiɗa katifa, ka gaya wa wanda kuke ɗaki ɗaya. Ka kira ciwon da sunansa, ka gaya masa yadda yake farawa da abin da zai yi in ya gan ka a dunƙule. In ya canza fuska, ka gode Allah da ka san shi da wuri, ka gaya wa na gaba. Ka je asibitin makaranta da ƙafarka kana lafiya, su san fuskarka tun ba a ɗauko ka ba. Maganinka na kullum kada ka ce yau na ji garau. Ka sha ruwa, ka ƙara sha, gorar nan ta zama kamar wayarka. An ce sanyin Zariya ba irin namu ba ne, rigar sanyin tana ƙasan jaka, ba ado ba ce, ka sa ta ko abokai za su ce maka tsoho. In an fita gona aikin gwaji rana ta yi tsakiya, ka ce wa malami kana bukatar inuwa, ka huta, ka koma. Ba a raina wanda ya koma.

Jibi zan raka ka tasha, kuma ni zan ɗauki jakar. Wannan kada ka yi mini gardama.

Na ƙarshe. Ciwon zai zo, ni da kai mun san zai zo. Ka kira ni lokacin da ya fara, ba bayan ya wuce ba. Na yi maka alkawari ba zan ce ai na faɗa ba, ba zan kuma ruga tasha ba tare da saninka ba. Zan tambaye ka, "In zo?" In ka ce in zo, motar farko da ta cika ina ciki. In ka ce a'a, zan zauna. Zai yi mini wuya, amma zan zauna.

Allah Ya yi maka albarka. Ya sa ka fi mu, Ya ba ka ilimi mai amfani, Ya sa wata rana talaka ya shuka abin da ya fito daga hannunka ya ci ya ƙoshi ya yi maka addu'a bai san sunanka ba. Allah Ya sassauta maka ciwo, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Mamanka ta ce in rubuta amin ɗinta, ga shi na rubuta.

Wassalam.

Mahaifinka,
Manu